Riɗi Daban, Dawa Daban: Tara Lambobin Murakkaba

Duk wanda ya taɓa raka babansa kasuwar amfanin gona ta Gadarif da kaka ya san ba a haɗa buhun riɗi da na dawa a lissafi ɗaya. Wani ya kawo riɗi 3 da dawa 2, maƙwabcinsa ya kawo riɗi 5 da dawa 4, dillali zai ce riɗi 8, dawa 6. Ba zai ce 14 ba, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. To, haka ake tara lambobin da littafinmu na hisabi ke kira a'adad murakkaba.

Kowace irin wannan lamba ɓangare biyu gare ta: na haƙiƙa, da na takhayyuli mai ɗauke da harafin i, wanda littattafan Larabci ke rubutawa ت. Sharaɗinsa ɗaya ne: i² = −1. Alkhawarizmi na Bagadaza, mai littafin aljabara, bai yi aiki da su ba. Bombelli ɗan Italiya ne ya tsara ƙa'idojinsu a 1572, yau kuma injiniyoyin lantarki da su suke lissafi.

Tarawa ba wuya:
(3 + 2i) + (5 + 4i) = 8 + 6i

Ragi ne ke cin mana maki. A duba (7 + 3i) − (2 − 5i). Alamar ragin nan ta shafi duk abin da ke cikin baka, ba 2 kaɗai ba. Sai mu buɗe: 7 + 3i − 2 + 5i = 5 + 8i. A jarrabawar bara da yawanmu 5 − 2i muka rubuta, malam kuwa ko rabin maki bai ba mu ba. Gaggawa ce kawai!

Amma fa misalin kasuwa yana da iyaka. Dawa ba ta komawa riɗi, ita kuwa i in aka ninka ta da kanta sai ta tsallaka ɓangaren haƙiƙa ta zama −1. Daga nan i³ = −i, i⁴ = 1, sai zagayen ya sake. Shi ya sa kafin mu tara komai muke fara sauƙaƙawa. Misali 6 + √−9 + 2i² − i³. Ai √−9 shi ne 3i, 2i² shi ne −2, sannan −i³ ya zama +i. Yanzu a haɗa: 4 + 4i.

Ga na gwaji, ƙannenmu: (4 − i) − (1 + 6i) + i¹⁰. Wanda bai samu 2 − 7i ba, ya koma ya duba bakan nan na biyu.