Duba Hanjin Kifinka Kafin Ka Saya Masa Abinci

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sukan ɗauka duk dangin sikilid, wato 'yan uwan karfasar da muke ci, abinci ɗaya ya ishe su. Ba haka ba ne, kuma kifaye da yawa na mutuwa a kan wannan. Sikilid nau'in Mbuna na tafkin Malawi da Tropheus na tafkin Tanganyika gansakukar jikin duwatsu suke kankara duk yini, shi ya sa hanjinsu dogo ne, yana narkar da ganye a hankali. Idan ka riƙa ɗura musu jar tsutsa ko zuciyar saniya, za ka ga ciki ya kumbura, kashi na fita fari kamar zare, kifin ya laɓe a lungu ya daina ci. Abincin gwangwanin da spirulina ke sahun gaba a kayan haɗinsa shi ya dace da su, a ƙara musu alayyafon da aka tsoma a tafasasshen ruwa. Nau'in Oscar kuwa, ɗan kogin Amazon, mafarauci ne: ƙwari, tana da jatan lande yake buƙata.

Wani zai ce ai duk abin da ya jefa, rububinsa suke yi. Gaskiya ne, amma kwaɗayi ba shaidar dacewa ba ne. Mbuna bai san ƙoshi ba. Wani kuma zai ce sayen abinci iri biyu tsada ne. To, kada ka haɗa mai cin ganye da mafarauci a akwati ɗaya tun farko. Ba su kaɗan sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 1, domin ragowar tana ruɓewa ta saki amoniya mai illata numfashinsu.