Filin Shawara: Wace ƙaramar kwamfuta zan saya don aiki da tafiya?

Ni ma'aikaciya ce a wani shirin kiwon lafiya, aikina tattara bayanai a asibitocin karkara da rubuta rahoto. Kullum ina hanya, yau Dutse, gobe Haɗeja, wani lokacin a kira mu taro Abuja. Kwamfutar da nake da ita katuwa ce, kafaɗata har ciwo take, kuma ana ɗauke wuta sai ta mutu. Na kwashi adashina ina son in sayi 'yar ƙarama. Ƙanena ya ce in sayi sabuwa dal mai araha, maigidana kuma ya ce in nemi ta hannu mai ƙarfi. Anti, ki ba ni shawara, ba na son kuɗin nan su tafi a banza.
Ƙanwarki daga Kano

Ƙanwata, Allah ya yi wa nemanki albarka. A wannan karon ina bayan maigidanki, kuma ga dalilina.

Yawancin ƙananan kwamfutoci sababbi masu arahar nan, injin Celeron ne a cikinsu, RAM 4GB, ma'ajiya 64GB. A kanti gwanin sha'awa, amma ki buɗe Excel mai layuka da yawa, ki haɗa da Zoom, sai ta tsaya cak ana jiranki. Araha ba ta ado. Da kuɗin nan gara ki nemi ta hannu daga jerin waɗanda aka ƙera don ma'aikata: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell ko EliteBook na HP. Jikinsu na jure jijjigar mota, kuma batirinsu da allonsu ba sa wuyar samu wajen masu gyara.

Ga abin da za ki riƙe. Allo ya zama inci 13 ko 14. Wanda ya gaza haka zai gajiyar da idonki, madannan kuma su matse miki yatsu. Nauyi kada ya wuce kilo ɗaya da rabi, kuma ki ɗaga ta tare da cajarta, don wata cajar ita ma kaya ce. RAM aƙalla 8GB, in da hali 16GB, domin a sirara da yawa manne yake da allon injin, ba a iya ƙarawa daga baya. Ma'ajiya ta zama SSD, 256GB zuwa sama. Injin kuma Core i5 ƙarni na 8 ko wanda ya biyo baya. Wannan na ƙarshen kada ki yi sassauci a kansa: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma mafi yawan injinan da suka girmi ƙarni na 8 ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Tunda matsalarki wuta ce, ki nemi mai caji ta kafar USB-C. Da fawabank mai ƙarfin wat 65 za ki iya cajinta a mota ko a asibitin da ba lantarki. MacBook Air mai M1 ta shahara wajen riƙe caji, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, sai dai ki fara tambayar ofishinku ko manhajojin aikinku suna tafiya a kanta.

Ranar saye, ko a Titin Beirut ne nan Kano ko Banex a Abuja, kada ki yarda da cinikin biri a sama. Ki zauna a shagon, a cire caja, a kunna bidiyo na rabin awa ki ga yadda cajin ke sauka. Ki sa a fito miki da rahoton batiri na Windows, ki gwada ƙarfinsa na asali da abin da ya rage. Ki danna kowane madanni, ki gwada kyamara, makirufo da Wi-Fi, ki buɗe farin shafi ki duba ko allon na da tabo. A tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, kuma ba a ɗaure ta da asusun wani kamfani ko na tsohon mai ita ba. Sannan a rubuta miki rasidi da lambar jikinta da kwanakin garanti.

A hanya, ki sa ta a jakar goyo mai soso, kada ta shiga but ɗin mota a ƙarƙashin buhuna. Lokacin hunturu ki riƙa rufe ta saboda ƙura, kuma kada ki ɗora ta a katifa tana aiki, kafar iskarta za ta toshe. In jirgi za ki hau, fawabank a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin awo ba. Bayanan marasa lafiya kuwa amana ce: ki sa kalmar sirri, ki riƙa ajiye kwafi a wani wuri.

Ki tafi kasuwar da ƙanenki ya taya ki gwajin, don kada ya ji an watsar da maganarsa. In mai shago ya hana ki gwadawa, ki yi masa sallama ki wuce na gaba. Allah ya sa ki saya a sa'a.
Antinki