Inda Ya Kamata Mai Barin Aiki Ya Ajiye Kuɗinsa

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, aka danƙa masa kuɗin sallama, ita ce ranar da mashawarta ke yi masa yawa. Wannan ya ce a sayi mota a sa haya, wancan ya ce akwai kamfanin da ke ninka kuɗi cikin wata uku. To, lalle ne ya tuna kuɗin nan gumin shekara talatin ne, in sun salwanta ba sauran ƙarfin da zai sake tara su. Saboda haka aminci zai fara nema wa dukiyarsa, riba ta biyo baya.

Da fari akwai kuɗin fansho. Bisa ga dokar 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusu, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. In ya bar aiki yana da shekara 50 ko fiye, sai a ba shi wani kaso a dunƙule. Sauran kuwa ko dai kamfanin fansho ya riƙa biyansa kaɗan kaɗan, ko ya miƙa wa kamfanin inshora wanda zai biya shi muddin ransa. Wanda bai kai 50 ba, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya karɓar kashi 25. Mai hankali ba ya ɗokin kwashe abin da ke cikin asusun nan, gama Hukumar Fansho ta Ƙasa tana sa ido a kansa.

Na biyu shi ne banki. Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ke lamunce wa masu ajiya. A 2024 ta ɗaga lamunin zuwa naira miliyan 5 ga kowane mutum a babban banki, miliyan 2 kuma a ƙananan bankuna. Da aka soke lasin bankin Heritage cikin watan Yuni na shekarar, an fara biyan kowa abin da bai wuce miliyan 5 ba, masu fiye da haka suka jira a sayar da kadarorin bankin. Watau wanda ke da miliyan 12, gara ya raba su a bankuna uku.

Na uku shi ne ba Gwamnatin Tarayya rance. Tun 2017 Ofishin Kula da Basussuka yake sayar da takardun tanadi na shekara biyu ko uku, ana saye daga naira 5,000 a hannun dillalan da aka yarda da su, ana biyan riba kowane wata uku. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuwa, akwai Sukuk. An fara shi a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana saye daga naira 10,000, mai takarda yana karɓar kuɗin haya sau biyu a shekara.

Binne kuɗi a ɗaki ba dabara ba ce. Ban da ɓarawo da gobara, akwai tsadar kaya. Cikin Disamba 2024 an ƙiyasta farashi ya hau da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda, watau abin da naira 100,000 ta saya a ƙarshen 2023 sai da kusan 135,000 a ƙarshen 2024.

Amma babban hatsari shi ne masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. CBEX ta rushe a Afrilu 2025 da kuɗin jama'a. Dabararsu ɗaya ce: kuɗin na baya ake ba na gaba, ran da masu shiga suka ragu sai a nemi kamfani a rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Duk kamfanin da ba shi da rajista da Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari, kada a ba shi ko kwabo, ko da ɗan'uwa ne ya kawo shi.

Abin da ya fi dacewa shi ne mai barin aiki ya kasa kuɗinsa uku. Kuɗin cefane da magani na wata shida su zauna a banki. Mafi yawa su tafi ga takardun gwamnati. Ɗan abin da ya rage ya sa a sana'ar da ya sani da kansa, kamar kiwo ko noma. Kowace ajiya ya karɓi takardar shaida, ya adana, ya kuma sanar da iyalinsa inda take, don kada magada su sha wahala bayansa.