Launin Yayi da Keken Ɗinki na Gida

Gab da Kirsimeti, Kasuwar IBB ta Suleja takan cika da mata masu neman launin da ake yayi. Yau a ce ruwan goro, gobe shuɗi. Wata har bashi takan ci saboda ankon da za ta ɗaura sau ɗaya.

A Ayyukan Manzanni sura 9, gwauraye sun nuna wa Bitrus rigunan da Dokas ta ɗinka. Ba a ambaci launinsu ba.

Turmin atamfa yadi 6 ne. Uwargida mai keke takan fitar da riga da zane da kallabi, ragowar ta yi wa 'yarta siket. Takan shanya su a inuwa, gama ranar Suleja tana koɗar da launi.