Ramin Hanya da Ƙafar Mai Babur

Babur ya zama ƙafar talaka. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake kai buhun masara kasuwa, da shi malamin makaranta ke isa ƙauyen da mota ba ta shiga. Magidanta da yawa da acaɓa suke ci da iyalinsu. Amma babur ƙafa biyu gare shi. Abin da mota za ta taka ta wuce direba bai ko ji ba, shi ne zai kayar da mai babur. Ga shi ba ƙarfe ba gilashi da zai tare masa, jikinsa ne ke fara isa ƙasa.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara. Waɗanda suka tsira da rai amma suka nakasa sun ninka haka. Darasinmu na yau a kan faɗuwar da hanya da kanta ke jawowa ne, da yadda ake jinyar wanda ya faɗi.

Abin da ke kayar da mutum

Na farko shi ne rami. Da rani ana ganinsa. Da damina ruwa ya kwanta a kai, ba ka sanin ko iya idon sawu ne ko iya gwiwa. Idan tayar gaba ta faɗa, sai kan babur ya ƙwace, mutum ya wuntsila ta gaba. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ganin rami da taka birki kuwa sai an ci daƙiƙa ɗaya ko fiye. Ke nan kafin ƙafarka ta taɓa birki ka riga ka wuce tsawon babbar mota. Wani abin kuma, idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin babur ya tsaya yakan ninka sau huɗu.

Na biyu shi ne rairayi a kan kwalta, kuma ni a ganina ya fi rami mugunta, don ba ya tsorata kowa. Je ka tsaya a wata kwana bayan an ɗauke ruwa. Za ka ga yashin da ruwa ya kwaso ya bazu a gefen titi, siriri, har kana hango baƙin kwalta ta ƙarƙashinsa. Mai babur ya taho ya kwanto da babur zai sha kwana. Tayar ba ta taka kwalta ba, ƙwayoyin yashi ta taka, su kuwa mirginawa suke yi. Ya ji babur na zamewa, tsoro ya kama shi, ya damƙe birkin hannu. Nan take tayar gaba ta ƙulle, babur ya kwanta a kan ƙafarsa, salansa mai zafi ta manne masa a ƙwauri. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Ruwan farko ma haka yake. Watanni ana zubar da baƙin mai da gas a kan titi, ƙura tana hawa. Da yayyafin farko ya sauka sai su kwaɓe, titi ya yi santsi. Akwai kuma tsakuwa da yashin masu gini da ake jibgewa a bakin hanya, da kwalbatin da ba murfi, da tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa ba fenti, da shanyar hatsi ko barkono a gefen kwalta da kaka. Akuya ba ta duba hanya. Idan ka ga ɗaya ta tsallaka, to sa ran 'ya'yanta na biye. Idan ka ga an jera ganye ko rassa a kan titi, mota ce ta lalace a gaba, sai ka rage gudu. Da hunturu hazo na rage gani, da dare kuma fitilar motar da ke tahowa na kashe ido, a daidai lokacin da rami ke gabanka.

Dabarar duka guda ce: ka rage gudu tun kana nesa, babur yana tsaye sambal. Ka haɗa birkin ƙafa da na hannu a hankali. Idan ka shiga yashi, kada ka fizgi birki, kada ka murɗa totur da ƙarfi, ka riƙe kan babur ka wuce a miƙe. Idan ramin ba ya kaucuwa, ka saki birki dab da shigarsa, ka ɗan ɗaga jikinka daga kan kujera, gwiwoyinka su sha girgizar. Ka sa ido a inda kake so ka bi, domin babur inda ido ya kalla yake nufa. Kada ka liƙe wa bayan babbar mota. Ita za ta ratsa rami tsakanin tayoyinta, kai kuma ba za ka gan shi ba sai ka faɗa. Tayar da ta suɗe a canza ta, a riƙa duba iska wajen mai faci. Mata su tattare zane da hijabi, maza su naɗe babbar riga, kada taya ko sarƙa ta kama.

Sai hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a faɗin Najeriya ranar 1 ga Janairu, 2009. A lokacin har an ga masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Abin baƙin ciki ne, domin ƙafa in ta karye tana haɗewa, ƙwaƙwalwa kuwa in ta taɓu ba lallai ta dawo daidai ba. Hula ta gaske tana da kauri a ciki, kuma sai an ɗaure maɗaurinta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba takan fice tun kafin kai ya kai ƙasa. Wanda aka goya ma kansa kai ne.

In an faɗi

Mutanenmu akwai tausayi. Da an ji ƙarar faɗuwa za ka ga an yo ca, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, ana "Sannu, bawan Allah, tashi, tashi!" A nan ake yin ɓarnar da ta fi ta faɗuwar. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, cicciɓa ɗaya na iya yanke laka, mutum ya shanye har ƙarshen ransa.

A fara tsayar da ababen hawa, a kashe babur, a ɗage shi daga kan wanda ya faɗi. A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112, lambar neman agajin gaggawa a Najeriya. Duka kyauta ne. A yi masa magana: "Malam, kana ji na? Ina ke maka ciwo? Motsa yatsun ƙafarka in gani." Idan ya ce wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe masa kai da hannu biyu, kada ya bari ya juya. Kada a cire masa hula sai in ta hana shi numfashi. In ya zama dole a ɗauke shi, a samo katako mai faɗi ko ƙyaure, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a kai lokaci guda, kai da wuya da gangar jiki a miƙe. Irin wannan ba a ɗora shi a babur. Wanda ya suma amma yana numfashi, a karkata shi ta gefe a hankali don kada amai ya shaƙe shi.

Jini kuwa dannewa ake yi. A ninke tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi na minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a zuba man birki, ko fetur, ko baƙin mai, ko toka, ko ƙasa. Suna cin nama, suna kai ƙazanta cikin rauni. Ƙujewa ruwa mai tsabta da sabulu take so, har yashin da ya shiga ya fita. Ƙunar salansa a yi ta zuba mata ruwan sanyi na minti 20, kada a fasa bororon. Kada a ba shi ruwa ko abinci ko da ya roƙa, don wataƙila za a yi masa aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. A asibiti a tambayi allurar tetanus, mai kare mutum daga cutar sarƙewar haƙora.

Akwai wanda zai miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Alhamdu lillahi, ba komai," ya tafi gida. Uwargida, ki sa masa ido kwana biyu. Idan ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko yana magana ba kan gado, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, to jini na iya taruwa a cikin kai. Idan ciki ya ɗaure yana ciwo, ga zufa mai sanyi da jiri, jini na iya zuba a ciki. A tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Maganar ɗori

Masu ɗori sun daɗe suna taimakon jama'a, wasu gadon gidansu ne, kuma suna kusa, kuɗinsu da sauƙi. Amma hannu ba ya ganin cikin nama. Hoton ƙashi ne kaɗai ke nuna ko karayar ɗaya ce, ko ƙashin ya farfashe, ko ta shiga gaɓa. Don haka a fara yin hoto. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, da ta kusa da gwiwa ko gwiwar hannu, da ta baya, duk na likitan ƙashi ne. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai kuma sashen ƙashi a asibitocin koyarwa, irin na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano.

Ga abin da nake roƙon kowa ya haddace. Gaɓar da ta karye tana kumbura. Idan an jera karare an ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Ka duba yatsun da ke leƙowa ƙarƙashin ɗaurin. Ka taɓa su: da ɗumi ko sun yi sanyi? Ka danna farce ka saki: ya yi fari ya koma ja nan da nan, ko ya tsaya? Ka ce wa mai karayar ya motsa su. Idan sun yi sanyi, sun yi duhu, sun mutu ba ya jin taɓawa, ko zogin na ƙaruwa har magani ba ya kwantar da shi, a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti. Kada wani ya ce masa, "Yi haƙuri, ƙashi ne ke kamawa." Naman da jini bai isa gare shi ba yana fara mutuwa cikin kamar awa 6. Daga nan sai ruɓewa, daga ruɓewa sai yanke ƙafa. Yara da samari da yawa sun rasa hannu ko ƙafa ta wannan hanya, a kan karayar da da ta warke sarai. Filastar asibiti ma in ta matse haka, a koma a buɗe ta.

Zaman jinya

Ƙashin babban mutum yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Na ƙwauri da na cinya sukan kai wata 3 zuwa 6. Na yara ya fi sauri. Daina jin zafi ba shi ne warkewa ba, sai hoto ya nuna, likita ya ce a taka. Na san abin da ke tayar da magidanci tun lokaci bai yi ba: tukunya ba ta hau ba, wanda ya ba shi babur na jiran balas. A nan ne 'yan'uwa da abokan sana'a ya kamata su shigo, da ɗan kwanon hatsi ko kuɗin asusu, domin ƙashin da ya sake karyewa jinyarsa ta fi ta farko tsawo da tsada.

Jiki na gina ƙashi da abinci: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, zogale, lemo. Taba sigari na jinkirta haɗuwar ƙashi, a ajiye ta. A shanye maganin da likita ya rubuta har ƙarshe. A yi hattara da tiramadol da makamantansa, don mutane da yawa daga jinya suka kamu da shan ƙwaya. A ɗora ƙafar a kan matashi, a riƙa motsa yatsu. Kada ruwa ya taɓa filasta, kada a cusa tsinke a yi susa. Idan rauni ya fara wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, a koma asibiti. Wanda ba ya iya juya kansa a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a tsane masa shimfiɗa, don kada bayansa da ɗuwawunsa su yi gyambo.

Ranar da aka cire filasta za ka ga ƙafar ta rame, gwiwa ta sandare. Haka kowa ke gani. Masu gashin ƙashi a asibiti za su nuna maka motsin da za ka riƙa yi kullum, kaɗan kaɗan, daga sanda biyu zuwa ɗaya. Wanda ya yi wasa da wannan yakan ƙare da ɗingishi ko da ƙashin ya haɗe daidai. Wani kuma sai gabansa ya riƙa faɗuwa in ya ji ƙarar birki, ko ya riƙa mafarkin faɗuwar. Ba ragwantaka ba ce. Ya faɗa wa na kusa da shi, in abin ya daɗe ya faɗa wa likita.

Kafin ka koma kan babur, ka tabbata kana iya tsayawa a kan ƙafar da ta karye ita kaɗai ba zafi, hannunka kuma na iya damƙe birki sosai. Bakanike ya duba birki da fitila da ko kan babur ya karkace. Hular da ta bugi ƙasa a canza ta ko da ba a ga tsaga ba. Ramin da ya kayar da kai kuwa, a sanar da mai unguwa ko kansila, a yi gayya a cike shi da marmara a daddaɓe. Kafin a cike, a kafa alamar da ake hangowa daga nesa. Kada a dasa ƙaton dutse ko kututture a bakinsa, don da dare shi ma kayar da mutum yake yi.