Amsoshin Tambayoyinku: Doguwar Tafiya a Kwalekwale

Wani mai sauraro daga unguwar Wunti a Bauchi yana tambaya: yaya zai shirya tafiyar watanni a kwalekwale, yana kamun kifi yana kwana a bakin ruwa?

To Malam, ka fara koyon tuƙi da iyo a madatsar Gubi da ke kusa da kai. Babbar hanyarka kuwa Kogin Gongola ce, wanda ya ratsa jihar Bauchi, ya bi ta Nafada da madatsun Dadin Kowa da Kiri, ya haɗu da Binuwai a Numan.

Ka tashi bayan damina, wajen Oktoba. A Agusta ruwa na da ƙarfi, da rani kuma yashi ne zai tare ka. A madatsun nan dole ka fito da jirgi ka zagaya ta tudu, kuma akwai dorina a wuraren, ka ba ta hanya.

Kada ka tafi kai kaɗai, ka nemi masunci ya raka ka. Duk garin da kuka sauka, ku gaida Sarkin Ruwa, ku nemi izini, ku tambayi lafiyar hanya.

Guzuri: garin kwaki, ƙuliƙuli, gishiri, gidan sauro, maganin zazzaɓi, ƙugiya da birgi. Tarwaɗa da karfasar da suka rage ku yi bandarsu. Ku tafasa ruwan sha, ku rage shiga ruwa saboda tsargiya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare.

Allah ya kiyaye hanya.