Ragowar Fayilolin Wucin Gadi Bayan Ɗaukewar Wuta: Nazari Daga Yankin Kankiya da Kusada

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalar fayilolin da kan maƙale a foldar wucin gadi idan kwamfutar da mutane da yawa ke aiki da ita ta mutu ba shiri. Ta nuna cewa matsalar ta mallaka ce, don haka share komai ba magani ba ne.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada na cikin yankin da kamfanin KEDCO ke rarraba wa lantarki. A wuraren buga takardu da ɗakunan kwamfuta, ɗaukewar wuta kan kashe na'ura tana tsakiyar aiki. Manazarcin da ya ajiye rubutun hirarrakinsa a irin wannan na'ura na iya tarar da shi a kulle washegari.

2.0 Tushen Matsalar

A tsarin Linux, foldar /tmp ta kowa ce. Manhaja kan ajiye ƙaramin fayil na kulle don shaida cewa tana aiki, tamkar ɗan kasuwar da ya ajiye buhu ya kama wuri. Idan an rufe ta bisa ƙa'ida, sai ta ɗauke buhunta. Idan wuta ta ɗauke, buhun ya zauna ba mai shi. Misali shi ne /tmp/.X0-lock, wanda ke ɗauke da lambar aikin da ya ƙirƙire shi. LibreOffice ma kan bar fayil mai farawa da .~lock kusa da takardar da aka buɗe.

Izinin /tmp shi ne 1777. Lambar 1 ta farko ta hana mutum share fayil ɗin wani. Mai fayil da mai kula da na'ura ne ke da wannan iko. Shi ya sa ragowar mutum ɗaya kan tare wa sauran hanya.

3.0 Matakan Gyara

Da farko, a duba izinin foldar da umarnin ls -ld /tmp. In ya sauya, a maido shi da chmod 1777 /tmp. Na biyu, a gano mai fayil ɗin. Na uku, a tabbatar da fuser ko ps cewa aikin ya mutu, domin bayan kunna na'ura wani aiki na iya gadon tsohuwar lambar. Sai an tabbatar ake share wannan fayil shi kaɗai.

Ƙa'idar FHS, bugu na 3.0 na 2015, ta gargaɗi manhajoji kada su dogara da dawwamar abin da ke /tmp. Tsarin systemd kan share abin da ya kwana 10 a can ba a taɓa ba, da kwana 30 a /var/tmp.

4.0 Kammalawa

Mai kula da ya share foldar baki ɗaya na iya lalata aikin da wani ke yi a lokacin. Manazarci kuwa, kada ya ajiye rubutunsa a /tmp. Ya riƙe kwafi biyu a wurare daban.